Ranar da Na Ƙona Kundin Idi Mai Kati

Haruna, Sa'adatu, da kai Auta, ku zauna ku karanta wannan a tsanake. Wanda Hausar ta yi wa nauyi a cikinku, ya san kansa, ya ba matarsa ta karanta masa, ita dai ba ta cewa "ya'ani" sau uku kafin ta kai ƙarshen magana. Abin da ya sa na ɗauki biro da tsufana shi ne maganar da ta fito daga bakin Haruna ranar sunan 'yarsa. Yana dariya ya ce wa baƙi ai Baba wa wani Bature ya sayar da katunan nan, ya haɗa da amanar mutane. Na bar maganar a ranar saboda baƙi. Babanku bai sayar da komai ba. Ni na ƙona su da hannuna, a saman benen gidanmu na unguwar Sa'alaba, tsakanin azahar da la'asar.

Ni a Jidda aka haife ni, haka uwata. Babanku kuwa umra ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, ya ga wuri ya zauna, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya masa. Ya sami aiki a wani sito a Khumra inda ake jibge kayan Turawan da suka gama aikinsu suka koma gida: kujeru, firji, kekunan yara, akwatunan da ba wanda ya buɗe. Shi ke ware na sayarwa daga na zubarwa. Wata rana ya shigo gida da kwalin takalmi a hammata, yana murmushi kamar wanda ya tsinci zinariya. Na buɗe, sai na ga ƙananan katuna, kowanne da hoton wani ƙato da hula hana-sallah.

"Abu Haruna, mene ne wannan kuma?"

"Mutane ne."

"Na ga mutane ne. Su wa?"

"Oho. Amma dubi yadda wannan ya riƙe kulki, kamar zai kashe maciji a gona."

Daga baya ya ji cewa wasan Amurkawa ne, besbol sunansa, ana dukan ƙwallo da kulki a gudu. Sau ɗaya ya taɓa kallonsa a talabijin, ya tashi ya ce tsayuwarsu ta fi gudunsu yawa. Amma katunan ba su fita ransa ba. Duk Juma'a bayan an sauko yana kasuwar gwanjo yana tona kwalaye. Ya sayi wani babban kundi mai shafukan leda, kowane shafi aljihu tara. Sai ya wanke hannu kafin ya taɓa su. Ƙananan jakunkunan nan da ake samu a cikin sabon takalmi, masu shan laima, ya tara su ya jera a cikin kundin, don kun san iskar Jidda, ko ƙarfe sai ta ci. Karatun boko bai iya ba, don haka ya raɗa musu nasa sunayen: Dogo Bahago, Mai Gashin Baki, Sarkin Fushi, Mai Tauna. Unguwa ta sa masa Idi Mai Kati, ana tsokanarsa wai babba da shi yana wasan yara. Ni ma na tsokane shi son raina. Mutum mai 'ya'ya uku ya zauna yana goge fuskar Bature da gefen rawani, ina dalili!

Yanzu sai in gaya muku abin da ba ku sani ba, ku da kuka tashi da takardunku a aljihu. Mutanenmu da suka zo suka zauna ba sa yawo da komai mai ɗauke da sunansu ko garinsu. In askarawa suka tare mutum, gara a same shi hannu rabbana. Da yawa ma ba da sunansu na yanka ake kiransu ba. Wannan Abu Shayi, wancan Na Bab Makka, waccan Iya Mai Gyaɗa. Za ka shekara goma kuna cin abinci kwano ɗaya da mutum ba ka san sunan ubansa ba, kuma tambaya rashin ta-ido ce. Amma kusan kowa yana da wani ɗan abu da ya ɓoye: katin alhazai mai hoto, ko hoton fasfo da aka rubuta suna da gari da lambar wani ɗan'uwa a baya. Wannan ne abin da za a nuna ranar da mutum ya faɗi, a karɓo gawarsa, a sanar da gida. Matsalar ita ce inda za a ajiye shi, don ɗakunan haya ana kwashe su kamar shara.

Wani tsoho mai sayar da asuwaki a Bab Makka, Malam Buba, shi ya fara. Ya zo gaisuwa ya tarar da babanku yana jera katuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro wani abu daga cikin hularsa.

"Idi, in aka shigo bincike aka ga wannan littafi naka, me za a ce?"

"Za a ce mahaukaci ne, Malam."

"Madalla. To sa min wannan a bayan ɗaya daga cikin Turawan naka."

Babanku ya zura hoton Malam Buba a bayan Mai Gashin Baki, baya da baya, ledar ta rufe su. Ko ka ɗaga shafin sama ba ka ganin komai. Kafin shekara ta zagayo labari ya bi gari a ɓoye. Mutum ya zo, ya zaɓi Baturensa, a zura. Dokar babanku ɗaya ce: ba ya duba rubutun, ba ya bari in duba. Ya ce abin da bai sani ba, ko an matsa masa ba zai faɗa ba. Abin da ya riƙe a ka kawai shi ne wane na bayan wane. In aka haɗu a hanya sai ka ji ana cewa, "Idi, ya Dogo Bahago, yana lafiya?" Shi kuma ya ce, "Yana gaishe ka." Tsokana ta koma girma. Mutumin da ba shi da ko katin asibiti ya zama shi ake tashi a ba wa wuri a majalisa. Nasa hoton ma yana ciki, a bayan Sarkin Fushi, don ya ce sun yi kama in na ɓata masa rai.

A cikin kabad ɗin ɗakinmu kundin yake, ƙarƙashin barguna. Ni ke fito da shi duk safiyar Alhamis in ya tafi aiki, in canza jakunkunan laima. Wata Alhamis na buɗe, ina juya shafuka, Turawa na wucewa da hulunansu, sai na ga baƙar fuska tana kallona daga tsakiyarsu. Malam Buba ne. Katin ya juya, Baturen ya koma baya, tsohon ya fito gaba. Na ce wa kaina babanku ne ya yi kuskure. Na gyara, na rufe. Da ya dawo na faɗa masa.

"Ban taɓa shafin nan ba tun watan jiya," in ji shi.

"To aljani ne?"

"Ke dai kin cika fassara, Ummu Haruna. Zuba min abinci."

Ranar Asabar aka zo da hantsi aka ce Malam Buba ya kwanta a kan tabarmar asuwakinsa bai tashi ba. Babanku ya zaro hoton ya miƙo min in karanta. A ranar na fara sanin sunansa ba Buba ba ne. Aka karɓo shi, aka yi masa sutura, aka kira ɗansa. Kowa na sa wa babanku albarka. Ni kuwa ban ce komai ba, don tsoho ne, kuma tsofaffi suna mutuwa.

Iya Mai Gyaɗa ba tsohuwa ba ce. Ƙaƙƙarfar mace ce da ke ɗaukar buhu ita kaɗai, muryarta daga bakin titi ake ji. Wata huɗu bayan Malam Buba na buɗe kundin na same ta a gaba, da ɗankwalinta na hoton fasfo, tana kallona ba murmushi. Wannan karon ban gyara ba, na bar shi har ya dawo ya gani da idonsa. Ya tsaya a kan shafin ya fi minti goma. Na ce ya je ya gaya mata. Ya ce ya gaya mata me? Cewa katin Bature ya juya? Ya je dai, ya zaga, ya ce mata ta riƙa kula da titi, ta yi masa dariya ta cika masa aljihu da gyaɗa. Kwana biyu tsakani mota ta kwashe ta a gaban masallaci, rana tsaka.

Bayan wannan gidan ya canza. Babanku ya sayo ƙaramar akwatin ƙarfe ya sa kundin ciki, ya kulle, ya rataya min makullin a wuya. Ya kawo malami ya yi karatu a ɗakin. Na roƙe shi ya mayar wa kowa abinsa. Ya ce su kai ina? Kuma in ya faɗi dalili, duk wanda ya ji zai kwana da tsoron ranarsa. Ya ce kati ba ya kashe mutum, Allah ke kashewa, in ma wani abu ne to sanarwa ce kawai. Na yarda da baki. Amma da azahar, in kun tafi makaranta, in mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya unguwa ta yi tsit saboda zafi, nakan ji wani ɗan sauti daga ɗakin. Kun san ƙarar leda in an raba shafi da shafi, ɗan tsat ɗin nan. Sau ɗaya, sai shiru. In tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, makulli na wuyana, akwati a kulle. Ba na shiga. Sa'adatu, ke kin taɓa tambayata me ya sa na daina barcin rana a ɗakin, na ce miki zafi. Ba zafi ba ne.

Ranar da abin ya faru Talata ce, ba ma ranar dubawa ba. Ina yanka albasa wajen ƙarfe goma na safe na ji tsat ɗin nan, a fili, kamar a bayan kunnena. Na wanke hannu, na shiga, na buɗe akwatin. Ban sha wahalar nema ba, kundin ya buɗe da kansa a wurin. Sarkin Fushi ya koma baya. Babanku ne a gaba, yana saurayi, da hular da ya zo da ita daga Haɗeja, idanunsa a kaina.

Na zauna a ƙasa. Na yi salati har na rasa abin da nake faɗa. Sannan na juya katin na mayar da shi daidai, na kulle, na koma kicin. Ban iya yanka komai ba. Bayan rabin awa na dawo na buɗe, ya sake juyawa. Sai na ce to, bari in raba shi da su. Na zare hotonsa gaba ɗaya, na naɗe a hankici, na sa a cikin jakar Alƙur'anina da ke rataye a falo. Na bar Sarkin Fushi shi kaɗai a aljihunsa. Na kulle akwati. Na yi alwala, na yi azahar, na daɗe a sujada ina kuka. Da na sallame na miƙa hannu cikin jakar. Hankicin yana nan a naɗe yadda na naɗe shi, babu komai a ciki. Wallahi, 'ya'yana, ga ni da ƙafa ɗaya a kabari, ba zan yi muku ƙarya ba. Na buɗe akwatin na same shi a aljihunsa, yana kallona.

Daga nan ban ƙara tunani irin na mai hankali ba. Malam Buba kwana biyu, Iya kwana biyu. Auta yana shekara huɗu. Na ɗauki kundin, na ɗauki kananzir da ashana, na hau sama. Akwai rabin duro da muke gasa nama a ciki da sallah. Za ku tambaye ni me ya hana in zare hotunan mutane tukuna. Na yi wannan tunanin, kada ku ce ban yi ba. Har na zare biyu. Sai na ga in hoto zai iya fita daga jakar Alƙur'ani ya koma wurinsa, to duk abin da na bari zai iya zama hanyar da abin zai bi ya same shi. Na mayar da biyun, na zuba kananzir. Leda ba ta ci kamar takarda. Tana narkewa, tana lanƙwashewa, kuma da Turawan suka naɗe sai fuskokin da ke baya suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da na sani, da na ci abincinsu, kowanne ya kalle ni kafin ya yi baƙi. Rana tana dukana. Ban sauko ba sai da ya zama dunƙulen baƙin abu a gindin duro.

Da la'asar ya dawo. Ya yi sallama, ya tsaya a ƙofar falo, ya shaƙi iska. Warin ƙonanniyar leda ya kama mayafina da gashina, ko wanka bai fitar ba. Ya shiga ɗaki, na ji ya ɗaga murfin akwatin. Ya fito ya zauna a gabana.

"Hotona ne ya juya?"

Na ɗaga kai alamar e.

"Duka kika ƙona?"

Na sake ɗaga kai. Na jira ya yi faɗa, ya mare ni, ya sake ni. Da ya yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Ya dubi tafin hannunsa kawai ya ce, "Halas, shi ke nan. Kada ki faɗa wa kowa. Mace ce ke, a unguwar nan aka haife ki, ba ki da inda za ki."

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Na hana shi fita, ya fita. Juma'a ta zo yana nan da ransa, yana shan shayi. Bayan an sauko daga masallaci ya tara mutane a ƙofar gida ya ce musu kundi ya ɓata a hannunsa, laifinsa ne, ba na kowa ba. Ina bayan labule ina ji. Sai wani ya ce ta yaya akwatin ƙarfe ke ɓata? Wani ya ce ai an ce katunan nan kuɗi ne a ƙasar Turawa. Kafin magariba magana ta zauna: Idi ya sayar, da mutane a ciki. Wasu suka tashi daga ɗakunansu a makon, don tsoron sunayensu sun faɗa hannun da bai kamata ba. Bai musa ba ko sau ɗaya.

Abin da ya karya shi ya zo bayan wata bakwai. Abu Shayi, wanda ke dafa wa leburori shayi a Khumra, ya faɗi a bakin tukunyarsa. Abokansa suka zo gidanmu, ba don sun manta kundi ya ɓata ba, sai don ko Allah zai sa babanku ya taɓa leƙa bayan katin. Mutum huɗu, a tsaye, sun ƙi zama.

"Idi, ko sunan garin kawai. Ko harafin farko."

"Ban taɓa dubawa ba."

"Shekara shida yana hannunka!"

"Ban duba ba. Amana ce."

Ɗayansu ya yi wata dariya da har yau nake ji. Ba wanda ya iya zuwa ya ce gawar tasa ce, don ba takarda, ba suna. Hukuma ta yi masa sutura yadda take yi wa wanda ba a sani ba. A wani wuri a Najeriya ko Nijar akwai mutanen da har yanzu suke cewa ya sami duniya a Makka ya manta da su. Bayan shi an yi wasu. Ba zan lissafa ba.

Haka kuka tashi kuka ga babanku, mutumin da ke zama a sahun ƙarshe, wanda ba a kira shi ɗaurin aure, wanda in ya yi sallama a majalisa ake amsawa ciki-ciki. Kun ɗauka halinsa ne. Da ba haka yake ba. Bai sake taɓa kati ba. In ya ci karo da su a sito sai ya sa a kwandon zubarwa. Ni kuwa na samu abin da nake so, ba zan ɓoye ba: shekara goma sha huɗu na ƙara da shi. Ya ga auren Haruna, ya ga na Sa'adatu, ya kai Auta har ya fara aiki. Ko wutar ce ta tsare shi, ko dama kwanansa na gaba, wannan ban sani ba, kuma na gaji da tambayar malamai a kaikaice. Sau da yawa na ce zan fita in faɗa, ya ce in na faɗa bai yafe ba. Na ji daɗin wannan hanin fiye da yadda ya kamata.

A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya bayan na ba shi kunu, kun fita ku duka, na zauna a bakin gadon. Tun ranar Talatar nan ba mu sake ta da maganar kai tsaye ba. Na ce masa, Abu Haruna, ka yafe min abin da na yi a saman bene. Ya daɗe yana kallon silin, har na ɗauka bai ji ba.

"Na yafe tun kafin ki sauko," in ji shi. "Da ni ne na ga naki, ban san me zan yi ba."

Na fara kuka, na kama hannunsa ina godiya. Sai ya ɗan janye hannun, ba da fushi ba.

"Tsaya, Ramla. Mu arba'in da ɗaya ne a ciki. Nawa kaɗai nake da ikon yafewa."

Ya rasu bayan kwana tara. Sauran arba'in ɗin, wasu sun mutu, wasu an mayar da su gida, kuma ko da zan fita neman su gobe, ban san sunan ko ɗaya ba.